Daga Tafireta zuwa Kujerar Manajan Darakta: Mata a Tarihin Bankunan Najeriya

A watan Maris na 2021 Jane Fraser ta karɓi ragamar bankin Citigroup a birnin New York, jaridun duniya suka yi ta yayata labarin, domin kafin ita babu macen da ta taɓa shugabantar ɗaya daga cikin manyan bankunan Amurka. Kafin wannan shekarar ta fita, mata takwas ne ke kan kujerar manajan darakta a bankunan Najeriya: Nneka Onyeali-Ikpe a Fidelity, Miriam Olusanya a GTBank, Yemisi Edun a FCMB, Tomi Somefun a Unity, Ireti Samuel-Ogbu a Citibank, Halima Buba a SunTrust, Kafilat Araoye a Lotus, da Bukola Smith a FSDH. Wannan kuwa a ƙasar da mata ba su kai kashi 10 cikin ɗari na 'yan Majalisar Tarayya ba, ƙasar da har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna ba. Wasu na ɗaukar abin a matsayin sa'a, wasu na cewa wata takarda ce da Babban Banki ya fitar ta yi aikin duka. A ganina duka biyun sun gaza. Kujerar shugaban banki ƙarshen wani tsani ce da ake shafe shekara ashirin zuwa talatin ana hawa, saboda haka fuskokin da ake gani a sama yau suna ba da labarin waɗanda aka bari suka taka matakin farko ne a wajajen 1990. Hukuma tana iya buɗe ƙofar da ke saman tsanin, kuma ta buɗe, amma ba ta iya ƙirƙiro wadda za ta tsaya a bakin ƙofar. Wanda ya gane wannan zai gane dalilin nasarar, zai kuma gane dalilin da ya sa sunayen 'yan Arewa suka yi ƙaranci a jerin.

Banki irin na zamani baƙo ne da ya zo da dokokin gidansu. Bank of British West Africa, wanda ya zama First Bank, ya fara aiki a Legas a 1894, kuma a reshensa na Kano ne Alhassan Dantata ya buɗe asusu a 1929 da kuɗin azurfa da aka ce raƙuma ashirin ne suka ɗauko. A can Ingila inda aka tsara wannan sana'a, ƙa'ida ce a rubuce cewa mace ma'aikaciya ta ajiye aiki ranar da ta yi aure. Bankin Barclays, uban Union Bank na yau, bai soke wannan ƙa'ida ba sai a 1961, kuma sai a 1958 ya naɗa mace ta farko, Hilda Harding, manajar reshe a Landan. Kasuwar hannayen jari ta Landan ba ta yarda mata su zama mambobinta ba sai a 1973. Don haka macen Najeriya da ta shiga banki a zamanin Turawa da farkon 'yancin kai ta tarar an riga an yanka mata wurin zama: buga tafireta, amsa tarho, sakatariyar manaja, in ta yi nisa ta zama kashiya. Babu wanda ya yi tsammanin za ta daɗe, don haka babu wanda ya tura ta kwas ɗin da ke kai mutum ga teburin ba da rance, inda ake koyon ainihin sana'ar. Ya kamata a lura cewa wannan shinge ba daga kasuwar gargajiya ya fito ba. A Legas da Abeokuta an yi Madam Tinubu, a Onitsha an yi Omu Okwei, mata attajirai da kamfanonin Turawa ke ba kaya bashi suna kuma shakkar ɓata musu rai. Ofis ne ya zo da sharaɗin takardar shaida da sharaɗin jinsi, kasuwa ba ta taɓa tambayar ko ɗaya ba.

Takardar shaidar ce ta fara karya sharaɗin jinsin. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa gwamnati ta mallaki kaso mai tsoka a manyan bankuna, kujerun da Turawa suka bari suka buƙaci 'yan ƙasa masu ilimin akanta da lauya. A wannan yanayi ne Bola Kuforiji-Olubi ta zama shugabar hukumar daraktocin UBA a 1984, sannan a 1989 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, ICAN. Amma irinta ba su da yawa a zamaninta, kuma naɗi ne daga sama. Canjin da ya taɓa dubban mata ya zo ne ta hanyar da babu wanda ya tsara ta domin mata. Shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida a 1986 ya sassauta ba da lasisin banki, adadin bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 cikin 'yan shekaru. Fidelity, Access, Zenith, GTBank, Diamond da Oceanic duk 'ya'yan wannan lokaci ne. Sababbin bankunan ba su da tsofaffin akawu da za su gada, ba su da lokacin jira, sai suka koma ƙofar jami'a suna kwasar duk mai kyakkyawan sakamako, ko me ya karanta, mace ko namiji. Miriam Olusanya ilimin haɗa magunguna ta karanta a Ibadan, ta shiga GTBank a 1998 a matsayin sabuwar ma'aikaciya mai koyon aiki. Yemisi Edun kimiyyar sinadarai ta karanta kafin ta zama akanta. Nneka Onyeali-Ikpe lauya ce da ta fara aikin banki a 1990. Adaora Umeoji ta shiga Zenith a 1998 tana mai yi wa ƙasa hidima, ta zama babbar darakta a 2012, mataimakiyar manajan darakta a 2016, sannan ta hau kujerar a watan Yuni na 2024, bayan shekara 26 a gida ɗaya.

Ba adalci ba ne a ba da wannan labari kamar na karamci. Da yawa daga cikin bankunan sun ɗebi 'yan mata ne domin a tura su farautar ajiya a ofisoshin attajirai da manyan jami'an gwamnati, a ɗora musu adadin miliyoyin da za su kawo a wata ko su rasa aiki, kuma kowa ya san irin matsin da hakan ya jefa wasu ciki, har maganar ta kai zauren Majalisar Tarayya. Wannan tabo ya bi sana'ar, ya kuma sa iyaye da mazaje da yawa, musamman a Arewa, suka ƙi barin 'ya'yansu da matansu su kusanci banki. Duk da haka, ta wannan ƙofa mai ƙaiƙayi ne mata suka fara riƙe abin da ke da daraja a idon masu banki, wato abokan ciniki da kuɗinsu. Wadda ta kawo ajiyar biliyoyi, ta iya karanta lissafin kamfani, ta san wanda zai biya bashi da wanda zai gudu, ba a iya mayar da ita teburin tafireta.

Sai aka zo shekarun da hukuma ta sa hannu. A ranar 14 ga Agusta 2009 gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar da bashi ya durƙusar, ya zuba musu naira biliyan 420, ya naɗa sababbin shugabanni. Biyu daga cikin biyar ɗin mata ne: Funke Osibodu a Union Bank da Suzanne Iroche a Finbank. A farkon 2010 Babban Bankin ya ƙayyade wa manajan darakta shekara goma a kan kujera, dokar da ta sa Jim Ovia ya bar Zenith, Tony Elumelu ya bar UBA a shekarar. Ba a cika ambaton wannan doka ba idan ana maganar mata, alhali tana cikin mafi tasiri, domin muddin wanda ya kafa banki zai zauna har mutuwa, babu gurbin da za a yi gardamar wanda ya cancanta. Sannan a 2012 kwamitin shugabannin bankuna, ƙarƙashin jagorancin Babban Banki, ya amince cewa nan da 2014 mata su riƙe kashi 30 cikin ɗari na kujerun hukumar daraktoci da kashi 40 na manyan muƙaman gudanarwa. Wa'adin ya wuce yawancin bankuna ba su cika ba, kuma babu bankin da aka ƙwace wa lasisi saboda haka. Amma an tilasta musu ƙirgawa da bayar da rahoto, kuma abin da ake ƙirgawa a gaban mai ba da lasisi ba ya zama abin wasa. Cikin 2015 da farkon 2016 Osaretin Demuren ta zama shugabar hukumar daraktocin GTBank, Mosun Belo-Olusoga ta Access, Ibukun Awosika ta First Bank. A 2023 ƙa'idojin Babban Banki suka haramta hukumar daraktocin da jinsi ɗaya ne kawai a cikinta.

Suka ta farko da ake yi wa irin wannan tsari ita ce ware kaso yana kashe cancanta, kuma banki ba wurin rabon alheri ba ne, amanar kuɗin jama'a ce. Rabin maganar gaskiya ne, kuma shi ya sa ya dace a duba waɗanda aka naɗa. Babu ko ɗaya cikin matan da aka lissafa da aka ɗauko daga gida aka ɗora. Kowacce daga cikin waɗanda suka hau kujerar manajan darakta ta shafe shekaru sama da ashirin a aikin banki. Tambayar da mai sukar bai amsa ba ita ce: idan cancanta ce kaɗai ke aiki kafin 2012, me ya sa matan da suka cika rassan bankuna tun 1990 ba su bayyana a hukumomin daraktoci ba sai da aka fara ƙirga su? Kujerar darakta ba a tallata ta a jarida. Shugaban hukuma ne ke tuno wanda suka yi makaranta tare, ko wanda suke haɗuwa a kulob da yamma, ya ambaci sunansa. Wannan ma ware kaso ne, sai dai ba a rubuta shi ba. Binciken da Marianne Bertrand da abokan aikinta suka yi a kan Norwe, ƙasar da ta kafa dokar kashi 40 a 2003 ta kuma tilasta ta a 2008 da barazanar rushe duk kamfanin da ya ƙi, ya nuna cewa matan da aka naɗa bayan dokar sun fi waɗanda aka naɗa kafin ta ƙwarewa a takarda da gogewa. Tilas ta sa an nemo a inda da ba a dubawa.

Akwai kuma masu goyon baya da ke ɓata hujjar da kansu, masu cewa a ba mata shugabanci domin sun fi maza tsoron Allah da riƙon amana. Tarihin bankunanmu bai yarda da wannan ba. Mace mafi ƙarfi a harkar banki kafin 2009 ita ce Cecilia Ibru ta Oceanic Bank, kuma tana cikin biyar ɗin da aka sauke. A watan Oktoba na 2010 ta amsa laifi a gaban kotu, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta sallama kadarorin da aka ƙiyasta a kusan naira biliyan 190. Wanda ya gina hujjarsa a kan tsarkin mata, wannan shari'a ɗaya ta rushe masa gini. Hujjar da ke tsayawa ta fi wannan sauƙi: bankin da ke ɗaukar ma'aikata maza da mata a ƙasa, ya kashe kuɗi ya horar da su, sannan ya zaɓi shugabanni daga ɓangare ɗaya kawai, yana zubar da jarinsa da hannunsa.

Sukar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta masu cewa an miƙa wa mata kujerar ce a daidai lokacin da iko ya tashi daga kanta. Lokacin da Olusanya ta karɓi GTBank a watan Yuli na 2021, wanda ta gada, Segun Agbaje, ya koma shugaban GTCO, kamfanin da ya mallaki bankin. A FCMB, Ladi Balogun, ɗan wanda ya kafa bankin, shi ke shugabantar rukunin kamfanonin. Ovia da Elumelu sun dawo bankunansu a 2014 a matsayin shugabannin hukumar daraktoci. Kuma binciken nan na Norwe ya gano cewa dokar ba ta sauya albashi ko ƙarin girman sauran mata da ke ƙasa ba sosai. Duk wannan haka yake. Sai dai bai kamata a raina kujerar manajan darakta ba: mai ita ce ke sa hannu a manyan rance, ita Babban Banki ke kira idan lissafi ya karkace, ita ke zaɓar manyan manajojin da za a ɗauko magaji daga cikinsu. Abin da sukar ta tona da gaske shi ne gudanarwa daban, mallaka daban. Ana kai wa ga gudanarwa da takardar shaida da shekarun aiki, mallaka kuwa sai da jari, kuma babu takardar Babban Banki da ta taɓa wannan ɓangaren.

A nan ne maganar ta iso ƙasar Hausa. Wanda ya ce matan Hausawa ba su san kuɗi ba bai leƙa cikin gida ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta wallafa maƙala a 1969 a kan cinikin da matan kulle ke yi daga ɗakunansu, ta nuna cewa hatsi da abinci mai yawa na sauya hannu ta wannan hanya ba tare da ya taka kasuwa ba. Enid Schildkrout ta ga irin haka a cikin birnin Kano a shekarun 1970, inda yara masu talla su ne ƙafafun uwayensu. Mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, mai daddawa, dillaliya mai yawo da atamfa da gwal gida-gida tana bayarwa bashi, uwar adashi da ke riƙe zubin mata talatin ba tare da littafi ba kuma ba a taɓa jin kwabo ya ɓata ba, duk suna yin abin da banki ke yi: tara ajiya, auna wanda za a amince wa, bin bashi. Shari'ar Musulunci ta tsare wa mace dukiyarta daga hannun mijinta tun ƙarnoni kafin Ingila ta yi irin wannan doka a 1882. Shi kansa Alhassan Dantata ɗan 'yar kasuwa ne, mahaifiyarsa Amarya ta yi fatauci har Akra. Basira ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya makara shi ne makaranta. Legas ta sami makarantar 'yan mata ta mishan tun 1869, da Queen's College a 1927. A Arewa sai a 1930 aka buɗe cibiyoyin karatun 'yan mata na farko a Kano da Katsina, sai 1939 aka buɗe ta horar da malamai mata a Sakkwato, sai 1956 aka sami sakandaren gwamnati ta 'yan mata a Ilori. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Yarinyar da ta shiga aji ɗaya a 1976, idan aure bai katse ta ba, a wajajen 1992 za ta fito jami'a, lokacin da takwarorinta na Kudu, waɗanda uwayensu da kakanninsu mata suka yi boko, suka riga suka cika rassan sababbin bankunan, waɗanda kusan dukansu a Legas suke da hedikwata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har Unity Bank, wanda ya gaji Bank of the North na Kano a haɗakar 2006, lokacin da ya sami shugaba mace a 2015 ba daga Arewa ta fito ba.

Za a ce addini ne, ba makaranta ba, tunda iyali da yawa na ƙyamar aikin da ya ginu a kan kuɗin ruwa. Wannan dalili ne na gaske, kuma ya hana maza ma. Amma ya ragu tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Shi Lotus ɗin ya tsiro ne daga kamfanin zuba jari bisa tsarin Musulunci da wata mace, Hajara Adeola, ta kafa a 2004, kuma mace ce ta fara shugabantarsa. Inda 'yan Arewa suka sami karatu suka kuma daɗe a aiki, sun kai: Halima Buba a SunTrust, Hadiza Ambursa babbar darakta a Access, Aishah Ahmad mataimakiyar gwamnan Babban Banki daga 2018 zuwa 2023, Hadiza Bala Usman a Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa daga 2016 zuwa 2021, Zainab Shamsuna Ahmed a Ma'aikatar Kuɗi. Ƙarancinsu na nuna ƙarancin waɗanda suka fara hawa ne, da yawan waɗanda suka sauka a tsakiya. Shekarun da banki ke tantance wanda zai zama manajan reshe, da canjin wurin aiki daga Kano zuwa Fatakwal da tashi daga ofis bayan isha'i, su ne shekarun haihuwa da goyo, kuma dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 kawai ta tanada na hutun haihuwa. Asusun UNICEF kuwa na cewa a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas fiye da rabin 'yan mata ba sa zuwa makarantar firamare, kuma daga cikin tsararsu ne za a nemi shugabannin bankunan 2060.

Gwajin da ke gaban nasarar da aka samu ya riga ya fara. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankin da ke hulɗa da ƙasashen waje zuwa naira biliyan 500, na ƙasa baki ɗaya zuwa biliyan 200, ya ba da wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026. A 2005, da gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya yi irin wannan, bankuna 89 sun koma 25, kujerun shugabanci sama da sittin suka ɓace a shekara guda. Da yawa daga cikin bankunan da mata suka shugabanta a 2021 matsakaita ne ko ƙanana, irin waɗanda haɗaka ke fara haɗiyewa, kuma tun a watan Agusta na 2024 Babban Banki ya amince da haɗewar Unity da Providus. Idan bankuna biyu suka zama ɗaya, masu hannun jari mafi tsoka ne ke zama su yanke wanda zai ci gaba da riƙe kujerar, kuma a wannan teburin har yanzu mata 'yan kaɗan ne.